Haske da Launi a Tarihin Zane: Daga Ibn al-Haisam zuwa Monet

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wata fahimta guda ɗaya wadda ta sauya fasahar zane a Turai, watau cewa launin abu ba ya zaune daram a jikinsa. Yana sauyawa gwargwadon hasken da ya sauka a kansa, da kuma launin da ke maƙwabtaka da shi.

2.0 Gudummawar Masana Haske

Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira, ya tabbatar a cikin Kitab al-Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Da wannan ya rushe ra'ayin wasu magabata da suka ce ido ne ke fitar da haske. A shekarar 1666 kuma Isaac Newton na Ingila ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai hasken ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Ya bayyana wannan a littafinsa Opticks na 1704. Ma'anar binciken ita ce, jan ƙyalle yana shanye sauran launukan da ke cikin haske, ya maido da ja kaɗai. Idan hasken ya sauya, dole abin da ido ke gani ya sauya.

3.0 Darasi daga Marina

Mataki na gaba a marina aka same shi. A 1824 aka naɗa Michel-Eugène Chevreul, masanin sinadarai, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Paris. Ya tarar ana ƙorafin cewa baƙin zaren ulu ba ya fita sosai a cikin saƙa, ana kuwa ɗora laifin a kan marina. Da ya gwada zaren sai ya ga rinin ba shi da aibi. Matsalar tana ga idon mai kallo: idan aka saƙa baƙi kusa da shuɗi, ido kan yafa masa ɗan ruwan lemo, sai ya yi kamar ya koɗe. Dalili kuwa shi ne kowane launi yana da abin da za mu kira kishiyarsa. Kishiyar shuɗi ruwan lemo ce, ta ja kuwa kore ce. Kowane launi yana tura maƙwabcinsa wajen kishiyarsa, shi ya sa ja ke ƙara kaifi a gefen kore. Chevreul ya wallafa wannan ƙa'ida a 1839.

4.0 Fita Cikin Rana

Ƙa'ida kaɗai ba ta isa ba, sai da kayan aiki suka sauya. A da, a cikin mafitsarar alade ake adana fentin mai, ga saurin bushewa da zarar an huda ta. A 1841 John Goffe Rand, wani Ba'amurke mazaunin Landan, ya ƙirƙiro kwanson kuza mai matsuwa. Wannan ya sauƙaƙa wa masu zane yin aiki a fili, inda suka lura cewa inuwa ba baƙa ba ce. Inda rana ba ta kai ba, hasken samaniya ne ke sauka, don haka inuwar kan ɗauki shuɗi-shuɗi.

Claude Monet ya kai wannan nazari matuƙa. Tsakanin 1892 da 1894 ya zana fuskar babbar majami'ar Rouen kimanin sau 30, da safe, da tsakar rana, da yamma, da lokacin hazo. Ginin ɗaya ne, amma a wannan zane ya fito ruwan zinariya, a wancan ya fito shuɗi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa tambaya biyu ke gaban mai zane kafin ya haɗa fenti: daga ina haske ke zuwa, kuma wane launi ne a gefe? Ta farko gado ce daga masana haske, ta biyu kuwa daga ƙorafin da aka yi wa marinan Gobelins ta samo asali.