Alkawarin Bagega

A yammacin Jihar Zamfara akwai ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa, daga Anka, inda Sarkin Zamfara yake zaune, zuwa Bukkuyum har Gummi. Mutanen wannan ƙasa, na manyan garuruwa da na ƙauyuka irin su Gwashi da Bagega, manoma ne da makiyaya tun kaka da kakanni. Amma Allah ya ajiye zinariya cikin duwatsunsu. Da kuɗin zinariya ya hau a kasuwannin duniya wajen shekarar 2009, sai samari da magidanta suka dunguma zuwa haƙa, gama abin da mutum zai samu a rami ya fi abin da gona take ba shi nesa ba kusa ba.

Ga yadda suke aikin. Su fasa dutse a daji, su kawo shi gida cikin buhuna, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, sa'an nan a wanke garin a fitar da zinariya. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurarsa ta bi tsakar gida da ɗakuna da bakin rijiya, yara ƙanana kuwa a ƙasa suke rarrafe, kome suka taɓa sai baki. Dalma in ta shiga jinin yaro takan taɓa ƙwaƙwalwa, ya yi ta amai da jijjiga, wani ya makance, wani ya cika.

Cikin watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka auna jini aka auna ƙasa, sai aka gane gubar dalma ce. Yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye. Maganin cutar akwai shi, yakan kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna kan ƙasar da ta ba shi cutar. Tilas sai an kankare ƙasar kowane gida an kai ta rami an binne, an zuba sabuwa. Haka aka yi wa ƙauyuka bakwai, cikinsu har da Dareta da Abare da 'Yargalma, daga 2010 zuwa farkon 2011. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, ga yara wajen 1,500 suna bukatar magani, kuɗin aiki kuwa ya ƙare.

Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin ba da Naira miliyan 850 domin share Bagega, da kula da lafiya, da koya wa mahaƙa hanyar aiki marar haɗari. A watan Mayu 2012 aka yi babban taro a Abuja kan wannan magana. Masana suka zo daga ƙasashe dabam dabam, amma Ministan Ma'adinai da na Muhalli da na Lafiya, waɗanda zartarwa take hannunsu, ba wanda ya halarta. Aka watse, damina ta sauka, ta ɗauke, kaka ta yi. Cikin Nuwamba MSF ta ba da sanarwa cewa har yanzu kuɗin bai fito ba. Likitoci suna nan, magani yana nan, iyaye suna duban 'ya'yansu, ba abin da ya tsare aikin sai sa hannun masu mulki.

A nan ne wasu samarin Nijeriya suka tashi. Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, watau masu bin sawun kuɗin gwamnati, suka je Bagega da kansu, suka ɗauko hotuna da maganar mutanen gari, suka watsa ta intanet. Ƙungiyar Human Rights Watch ta roƙi jama'a su rubuta wa Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan a shafinsa na Facebook, su tuna masa alkawari. Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, shi ma ya ziyarci garin. Da magana ta cika ƙasa, a ƙarshen Janairu 2013 Shugaban Ƙasa ya ba da izni a saki kuɗin. Aka shiga kankare ƙasa, cikin Afrilu kuma aka fara ba yaran Bagega magani, shekara uku bayan an gane cutar.

Mulkin dimokuraɗiyya, wanda Nijeriya ta koma kansa a 1999, ciniki ne tsakanin talaka da mai neman mulki. Talaka ya ba da ƙuri'a yau, shi kuwa mai nema ya ba da magana, za a biya gobe. In maganar ta zama iska, hasarar iri biyu ce. Ta fari ita ce irin ta Bagega, gama kowane wata da aka ɓata, dalma tana ƙara cin ƙwaƙwalwar yaro, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Ta biyu ita ce mutuwar yarda. Mutumin da aka yaudara ba ya sake gaskata jami'in gwamnati ko da gaskiya ya zo da ita, ran zaɓe kuma ko ya zauna gida, ko ya sayar da ƙuri'arsa don ya ga na hannu.

A 2015 irin wannan guba ta bayyana a Shikira ta Jihar Neja, ta kashe yara 28, nan ma sai da aka yi ta kira kafin a fara share garin a 2016. Saboda haka duk wanda ya iya karatu da rubutu yana da aiki. In mai neman zaɓe ko wakilin gwamnati ya zo garinsa ya yi alkawari, ya rubuta ranar, da yawan kuɗin, da sunan wanda ya faɗa. In lokaci ya cika, ya tara mutanen unguwa su tambaya cikin ladabi, su kuma sake tambaya. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, mai kaya kuwa yakan yi saurin kai shi in ya san masu shi suna jira a bakin hanya.