Tarihin Tafiya Ba Takalmi A Birnin Kano Da Kewayensa

Duk wanda ya tsaya bakin Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa da hantsi, ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun masu shiga birni da masu fita, da ƙyar zai ga baligi guda wanda tafin ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Yaran makaranta da su ke gabanmu sun tashi sun tarar da abin haka, har su kan yi dariya in an ce musu kakanninsu sun yi noma, sun ci kasuwa, sun yi fatauci har Gwanja, da yawansu kuwa ba su ganin takalmi sai ran salla. Sabo da haka muka ga ya kamata mu ɗan tono tarihin wannan al'amari. Gama tafiya ba takalmi iri biyu ce a ƙasarmu, akwai ta rashi, akwai ta ladabi, wanda bai san tarihi ba kuwa sai ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro.

Da fari dai, kada wani ya zaci mutanen da ba su iya ɗinkin takalmi ba ne. Wani Balarabe matafiyi, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya gama rubuta littafinsa a shekarar 1526, a ciki ya ba da labarin dukawan Gobir waɗanda a ke kai takalmansu Tambutu da Gawo. Tarihin sarakunan Kano kuma ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya kuma fara kakaki da figini da takalman gashin jimina. Watau fiye da shekara 500 ke nan da takalmi ya shiga cikin kayan sarauta a Kano. Majema suna jeme fata da bagaruwa, ana turara ta da karan dafi ta yi ja, dukawa su yanka su ɗinka fade da sambatsai da kurufai na mahaya. Har wa yau akwai unguwa a cikin birni mai sunan Dukawa.

A shekarar 1851 wani Bajamushe, Dokta Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano ya ƙiyasta cinikin birnin. Ya ga bayan tufafi, takalma su ne kan gaba cikin abin da Kanawa ke yi da hannunsu su aika nesa. Ya ƙiyasta cinikinsu ya kai wuri miliyan 10 a shekara, ya kuma ce mafi kyawunsu, waɗanda a ke kira taka-saraki, wuri 200 a ke sayarwa. To, bari mu buga lissafin kamar yadda mu kan yi a aji. In mun raba miliyan 10 gida 200, za mu sami 50,000. Ashe ko da dukan takalman nan taka-saraki ne, sun kai ƙafa 50,000, alhali mazaunan birnin a ƙiyasinsa wajen mutum 30,000 ne. Akwai kuma balga, wadda dukawan Larabawa ke ɗinkawa a nan da fatar ƙasarmu, raƙuma su ƙetare Sahara da ita.

To, ina dalilin da ya sa birnin da ke sa wa mutanen wata ƙasa takalmi, talakawansa da na ƙauyukan kewaye su ke yawo ba shi? Barth ɗin nan ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi magidanci da iyalinsa shekara guda cikin rufin asiri. In an raba bisa kwanakin shekara, abin bai kai wuri 200 a yini ba. Watau takalmi mai kyau guda ya fi cefanen gida na yini ɗaya, mai iyali goma kuwa ba shi da halin ya bi kowa da nasa. Maigida shi kan saya, ya riƙa tattalinsa kamar ƙwai. Baƙauye ya taso daga Dawakin Kudu ko Kumbotso da asuba, sai ya rataya takalmansa a kafaɗa, ko ya ɗora su bisa kaya, ya yi ta taka ƙasa, sai ya hango ganuwa sa'an nan ya kakkaɓe ƙafa ya sa. A ganinsa, ƙafa in ta tsage ta kan warke da kanta, takalmi kuwa in ya tsinke sai an biya baduku.

Sabo kuma ya taimaka. Wanda ya tashi tun yana ƙarami ba takalmi, tafin ƙafarsa kan yi kauri har ya taka tsakuwa bai ji ba. Amma kada mu ɗauka abin ba wahala. Da bazara rairayi kan yi zafi har matafiyi ya riƙa gudu daga inuwa zuwa inuwa. Da hunturu ga kaushi ga faso, diddige ya dare har ya yi jini, sai a yi ta cusa masa man kaɗanya. Bayan damina ga ƙarangiya ga tsidau, shi ya sa da wuya ka ga falke ba matsefata a jikin layunsa don cire ƙaya. Da damina kuwa, in lungunan birni sun caɓe, masu hali su kan hau dangarafai na itace, sauran jama'a su kutsa cikin taɓo. Ba mu ma zancen kunama da maciji, waɗanda yawancin ɓarnarsu a ƙafa ta ke.

Wannan ita ce tafiya ba takalmi ta rashi. Ta ladabi kuwa dabam ta ke, gama sai mai takalmi ke yin ta. Musulmi sun sani a cikin Suratu Ɗaha an umurci Annabi Musa ya tuɓe takalmansa a kwari mai tsarki. Ba mai shiga masallaci da abin da ya tako najasa da shi. Daga nan al'ada ta bi gidaje. Almajiri ya kan tuɓe tun daga ƙofar zauren malaminsa, suruki ya tuɓe tun bai kai ga surukinsa ba, mace in za ta gifta majalisar dattawa ta kan cire ta riƙe a hannu. A Gidan Rumfa, hakimi da rawaninsa da alkyabbarsa, sai ya bar takalmi a waje kafin ya faɗi gaisuwa. Wanda ya taka tabarmar mutane da takalmi, ko ɗan wane ne, an san ba shi da tarbiyya.

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano. Sojan da suka yi wannan aiki baƙaƙe ne, da yawansu Hausawa, ga bindiga ga jar dara, amma takalmi sai hafsoshi Turawa. Haka sojan Nijeriya suka daɗe suna fareti ƙafa a ƙasa, sai Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kwashe su zuwa Habasha da Bama, sa'an nan takalmin soja ya game kowa. Waɗanda suka komo bayan 1945 sun komo da manyan takalmansu, yara na bin su suna kallo.

Zuwan Turawa ya kawo wani rikici na al'ada. Su a wurinsu girmamawa ita ce a cire hula a bar takalmi, mu kuwa a cire takalmi a bar hula. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, akawuna daga Kudu suka zo da sau-ciki da safa, suna shiga ofis da su. Bakano kuwa, ko malami ne ko ma'aikacin En'e, ya kan tuɓe a ƙofar Razdan ko Di'o kamar yadda ya saba yi a fada. Sannu a hankali samari masu ilmin zamani suka fara tambaya, shin wannan tuɓewa ladabi ce ko tsoro? Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sukar faɗuwa gaisuwa ta zama babbar magana a bakin samarinta, har gardamar ta shiga gidaje tsakanin 'ya'ya da iyaye.

A wannan tsakani likitoci suka gano abin da kakanninmu ba su da halin gani. A 1898 wani masani Bajamushe, Looss, yana aiki a Alƙahira, ya tabbatar akwai wata tsutsar ciki mai shiga jikin mutum ta fata. Ƙwanta na fita cikin bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, in yaro ya taka sai ta huda ƙafarsa, ta bi jini har ta kai hanji, ta kama shan jininsa. Yaro ya yi fari fat, ya rame, ya kasa karatu, a ce mayu ne. Maganinta na farko salga da takalmi.

Amma gaskiya, ba wa'azin likita ya sa wa talaka takalmi ba, araha ce. Da motoci suka yawaita, sai masu dabara suka riƙa yanka tsohuwar taya suna yin takalmin da ƙaya ba ta hudawa, manoma da makiyaya suka rungume shi. Kamfanin Bata ya buɗe kanti a Kano, har yau mahadar hanyoyin nan ta kusa da Sabon Gari da sunansa a ke kiranta. Bayan samun mulkin kai a 1960, masana'antu a Bompai da Sharaɗa suka shiga zubo silifa da takalman roba, abin da a da sai an yi tanadi ya zama na kowa. Kowane allazi da nasa amanu, gama arahar nan ita ta rage wa dukawa kasuwa, fatar da a da a ke ɗinkawa a gida yawancinta sai a jeme a fitar da ita ƙasashen waje.

To, jama'a, ga inda tarihin ya kawo mu. Tuɓewa ta ladabi tana nan, muna kuwa fatan ta dawwama a ƙofar masallaci da zauren malami da gaban iyaye, muddin mutum don kansa ya yi, ba don tsoron bulala ba. Ta rashi ce ya kamata a ce ta ƙare, amma ba ta ƙare ba, ta dai sauka daga kan manya ta koma kan yara. Ku dubi almajirai ƙanana a tashar mota da bakin kasuwa da tsakar rana. Kakanninmu rairayi suka taka da ƙaya, su kuwa waɗannan kwalta su ke takawa wadda rana ta gasa, da fasasshen kwalba, da ƙusa mai tsatsa, da ruwan kwata. Birnin da ya aika da takalma bayan Sahara tun shekarar 1851 bai kamata a ce ya gaza sa wa 'ya'yan da ke kwana cikinsa ba.

Muna roƙon iyayen da ke kawo yara karatu birni kada su sallame su sai da takalmi. Muna roƙon alarammomi su riƙa duban ƙafafun almajiransu kamar yadda su ke duban allunansu. Attajirai masu fid da zakka da masu rabon kayan salla, su tuna silifa guda ba ta kai kuɗin goron da su ke rabawa a yini ba. Mu malaman makaranta kuwa, da mu ke duba farce da haƙora kowace safiya, in mun ga yaro ba takalmi kada mu kore shi gida, mu bincika dalili tukuna. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.