Idon Maƙeri a Kan Aikin Maƙeri: Ƙirar Azurfa a Agadas

Tun daga ƙarni na 15, lokacin da aka kafa sarautar Abzin, Agadas ta zama matattarar fatake da masu sana'ar hannu. Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka garin a 1850, ya tarar da shi ya ragu ƙwarai daga yadda yake a da, amma duk da haka ya ambaci aikin dukanci da na ƙira cikin abubuwan da suka ja hankalinsa. Maƙeran da ake magana a kansu su ne waɗanda Abzinawa ke kira inadan. Sana'ar gado ce: maza suna ƙirar ƙarfe da azurfa, suna sassaƙa sirdin raƙumi, mata kuwa suna aikin fata. Har yaren sirri gare su, wanda ake kira tenet.

Yaro ba ya fara taɓa azurfa. Zuga yake fara yi, yana kallo. Daga nan a ba shi magagari, sai goge aikin wani, kafin a bar shi ya riƙe alƙalamin zane. Akwai dalili, kuma dalilin yana cikin yadda ake zubin. Maƙeri yakan siffanta abin da yake so da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya sa a wuta har kakin ya narke ya fita, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun. Ke nan kowane zubi sau ɗaya ne, ba a maimaita shi. In ya fito da rami ko ya karkace, sai a mayar da shi wuta. A da, azurfar ma kuɗin Mariya Tereza ne, waɗanda Hausawa ke kira liyari, ake narkarwa, saboda haka ba abin wasa ba ce a hannun ɗan koyo.

To, wa ke cewa aiki ya yi? A maƙera ana zama ne a ƙasa, kusa da juna, kuma abu yakan bi hannu-hannu kafin ya kai ga mai shi. Uba ko baffa ko wa zai juya shi, ya duba ko layukan zanen sun tafi daidai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Sau da yawa ba a doguwar magana. Mayar maka da shi kawai ya isa. Bayan wannan akwai idon uwargijiyar da ta ba da aikin, wadda ta girma tana ganin irinsa a wuyan uwarta da kakarta, ba ta kuwa jin nauyin ta ce bai yi ba.

Wannan ido na biyu shi ne fari ya tafi da shi. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun halaka dabbobin iyayen gidan da maƙera ke yi wa aiki, sai da yawa daga cikinsu suka kwararo cikin gari. Masu saye suka zama ma'aikatan yuraniyom na Arlit, da 'yan yawon buɗe ido, da ayarin tseren motoci na Paris-Dakar da ke ratsa Agadas a shekarun 1980. A wannan zamani ne abin wuyan nan da ake kira tanagilt, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna kuros ɗin Agadas, ya cika duniya, tare da jerin nan na 21 da ake jingina kowane ɗaya ga wani gari, kamar Tawa da Ingal da Iferwan da Damagaram. Aka riƙa gaya wa baƙi cewa yana nuna kusurwoyin duniya huɗu, ko wata tawagar taurari ta kudu. Labarin yana da daɗi, kuma Abzinawa sun san taurari da gaske, tunda da su ayarin gishiri ke ratsa Tenere zuwa Bilma. Amma a ganina baƙo labarin yake saye, ba ya duban layi. Saboda haka nauyin hukunci ya koma kacokan kan maƙera su da kansu, ga kuma sunan mutum da ake rubutawa da tifinag a bayan aikin, inda kowane ɗan'uwa zai gani.

Ba Agadas kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Masu zanen sararin samaniya, waɗanda yawancinsu yau da kwamfuta suke aiki, sun kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1982, kuma suka riƙa fita tare zuwa duwatsu masu aman wuta na Hawai da Aislan, suna zane gefe da gefe, kowa na duba na ɗan'uwansa.

Aikin Agadas ya kai inda ake tantance shi da kyau. Kamfanin Hermès na Faransa ya ba maƙeran garin aiki, kuma baje kolin fasahar Abzinawa da aka buɗe a Kalifoniya a 2006, ya isa Washington a 2007, ya ba da babban fili ga Saidi Oumba da matarsa Andi Ouhoulou. Sai dai a 2007 ɗin ne tawaye na biyu ya ɓarke, baƙi suka ɗauke ƙafa. Shigar tsohon garin cikin jerin kayan tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da su kamar da ba. Maƙera da dama suka watsu zuwa Yamai da kasuwannin baje koli na Turai da Amurka, wasu kuma suna tura hoton aikinsu ta wayar salula. Hoto yana nuna zanen fuska, amma ba ya nuna nauyi, ba ya nuna bayan aikin, inda tsofaffin maƙera ke fara juyawa su duba.