Iya da Inna: Sarautar Matan da Ta Wuce Gidan Bori

Wata mai karatu daga unguwar Zariya, nan Maraɗi, ta aiko da tambaya bayan ta kalli fim ɗin Turkawa a kan Kosem, uwar sarakunan Istanbul da aka kashe a fada a 1651: shin mu ma mun taɓa yin irinta?

Mun yi, amma da bambanci. Kosem ƙwarƙwara ce, ikonta ya kafu ne da ɗanta Murad na 4 ya hau gado yana yaro a 1623. Iyar Maraɗi da Innar Gobir kuwa ba sai sun haifi sarki ba. Daga cikin ƴaƴan sarauta ake zaɓo su, ko yayar sarki ko gwaggonsa, a naɗa su kamar kowane basarake.

Sarautun biyu sun yi gudun hijira tare da masu su. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Sarki Ɗan Kasawa ya kafa gadon Katsinawa a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836. Mutanen da suka rasa birni da ganuwa ba su yarda sun bar Iya da Inna a baya ba, wannan kaɗai ya isa shaidar muhimmancinsu.

A zamanin Sarki Ɗan Baskore na Maraɗi, Iya tana da fadarta da fadawanta. Ita ke shugabantar ƴan bori, ita ke sasanta rigimar mata masu zaman kansu tana karɓar haraji a hannunsu, kuma ba ta da shamaki da sarki.

Inda masana suka rabu shi ne nan. Wasu na ganin sarautar ragowar maguzanci ce kawai, garaya da girka. Wasu kuma na cewa kujerar mulki ce, bori reshe ne guda na aikinta. Mu dai hujjar na biyun ta fi gamsar da mu, kuma daga Sakkwato ta fito. Lokacin da Nana Asma'u ƴar Shehu ta kafa ƴan taru don karantar da matan karkara, kowace jaji, wato jagorar ƴan taru, sai ta ɗora mata malfa, ta naɗe da jan ƙyalle. Malfa kuwa, kamar yadda marubuciya Jean Boyd ta nuna, alamar Innar Gobir ce. Asma'u, wadda ta yi ta faɗa da bori a rubuce-rubucenta, ba za ta ari kayan tsafi ba. Abin da ta ara shi ne abin da matan ƙauye ke gani su san shugaba ta iso.

Daga baya Faransawa suka rage wa sarauta ƙarfi, ambaliyar 1945 ta tashi garin Maraɗi zuwa tudu, ƙungiyar matan Nijar ta zamanin Shugaba Kunce da wa'azin Izala suka raba sauran.

Saboda haka, ƴar'uwa, ba sai kin je Istanbul ba. Tun kusan ƙarni biyu da suka wuce, fadar Maraɗi da ta Tibiri ba sa cika sai da mace mai sarauta.