Saurin Tafiya da Jinkirin Lokaci: Shaidar Ƙwayar Miyon

Tsakure

Maƙalar ta duba hasashen da Albert Einstein ya yi a 1905, cewa agogon da ke tafiya yakan ja baya idan aka gwada shi da wanda ke tsaye. Ta nuna cewa gwaje-gwajen ƙwayar miyon sun fi na jiragen sama da taurarin ɗan'adam fito da wannan lamari a fili, domin a gwaje-gwajen miyon sauri kaɗai ke aiki.

Tushen Ƙa'ida

Ƙa'idar dangantaka ta musamman ta ginu a kan cewa gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan, ba ya sauyawa ga kowane mai awo. Daga nan ake samun ma'aunin Lorentz, γ = 1/√(1 − v²/c²), inda v ke nufin saurin abu, c kuma gudun haske. A saurin mota, γ bai bambanta da 1 ba ta yadda za a lura. Idan sauri ya kai kashi 99.5 cikin ɗari na gudun haske, γ yakan kai kimanin 10.

Shaidar Miyon

Miyon ƙwaya ce mai kama da ilaktiron, amma ta ninka shi nauyi kusan sau 207. Takan samu ne a sararin sama, kimanin kilomita 15 daga doron ƙasa, idan ƙwayoyin da ke kwararowa daga samaniya suka yi karo da iska. Matsakaicin rayuwarta idan tana tsaye mikrosakan 2.2 ne. Ko da gudun haske take yi, bai kamata ta wuce kimanin mita 660 ba kafin ta ruguje. Amma ga ta nan birjik a ƙasa.

Bruno Rossi da David Hall sun auna jinkirin rugujewar miyon a Kolorado a 1940. Aikin da David Frisch da James Smith suka wallafa a 1963 ya fi sauƙin bi. A kan Dutsen Washington, mai tsayin kusan mita 1,900, sun ƙirga miyon 563 a awa guda. Da babu jinkiri, kimanin 27 ne za su iso daidai da gaɓar teku. Sun ƙirga fiye da 400, wato jinkiri ninki 8.8. Ta fuskar ita miyon ɗin, agogonta lafiya lau yake. Dutsen ne ya gajarce zuwa ƙasa da mita 250, kuma lissafin biyu sakamako ɗaya suke bayarwa.

Tattaunawa

Littattafan makaranta sun fi son gwajin Hafele da Keating na 1971, inda agogon siziyam da aka ɗora a jiragen sama suka yi asarar nanosakan 59 a tafiyar gabas, suka ƙaru da 273 a tafiyar yamma. A ganin mai wannan nazari, misalin na rikita ɗalibi, domin tasirin sauri ya cuɗanya da na ƙarfin jan ƙasa. Haka agogon taurarin ɗan'adam na GPS: sauri na rage mikrosakan 7 a rana, nisa daga ƙasa na ƙara 45.

Saura tambaya guda: shin lanƙwasa hanya na taɓa agogo? A cibiyar CERN, a sakamakon da aka fitar a 1977, an sa miyon kewaya zobe da γ na 29.3, ƙarƙashin fizga mai ninka ta jan ƙasa kusan sau 10¹⁸. Rayuwarsu ta kai mikrosakan 64.4, daidai da abin da sauri kaɗai ya tanada.