Shakespeare ko Shaihu Zubairu? Shaidar Takardu a Kan Asalin Sunan

Har yanzu akan ji wasu malamai da ɗaliban adabi suna cewa William Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila, Balarabe ne, wai ainihin sunansa Shaihu Zubairu, Turawa ne suka murɗe shi ya dace da bakinsu. Maganar ta daɗe tana yawo. Ana jingina farkonta ga Ahmad Faris al-Shidyaƙ, marubucin Lebanon na ƙarni na 19, wanda ya yi ta cikin raha. Wanda ya ɗauke ta da gaske har ya kafa mata hujjoji shi ne Safa Khulusi (1917–1995), masanin adabi ɗan Iraƙi, a shekarun 1960. Daga baya Mu'ammar Gaddafi ya maimaita ta a 1989, ta ƙara bazuwa. A ganina wannan ra'ayi kuskure ne, kuma illarsa ta wuce sunan mutum ɗaya, domin yana koya wa ɗalibi cewa kamannin sauti kaɗai ya isa hujja a nazarin sunaye. Sai dai Khulusi malami ne da ya san adabin Larabci da na Ingilishi ciki da bai, don haka ya cancanci a amsa masa da hujja.

Yadda sunayen dangi suka kafu a Ingila bayan cin ƙasar da Normawa suka yi a 1066, da yadda suka sauko daga masu ƙasa zuwa talakawa har suka zama gado wajen ƙarshen ƙarni na 14, duk sananne ne (Reaney 1967; McKinley 1990). Abin da ya shafe mu shi ne wani ƙaramin rukuni a cikin sunayen da suka samo tushe daga laƙabi, wato waɗanda aka ƙera da aikatau sannan karɓau ya biyo baya. Shakespeare na cikinsu: shake girgizawa ce, spear kuma mashi, ma'ana girgiza-mashi. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a wannan ƙira ba, tunda da ita ya ƙera Cigari da Gagarabadau. A Ingilishi sunan yana da 'yan'uwa da yawa. Akwai Shakeshaft da Shakelance, dukkansu girgiza wani makami. Akwai Wagstaff, kaɗa-sanda. Akwai Breakspear, karya-mashi, sunan Bature ɗan Ingila ɗaya tilo da ya taɓa zama Fafaroma, wato Adrian na huɗu (1154–1159). Tun a 1605, marubucin yana raye, William Camden ya jera Shakespeare tare da Breakspear da Wagstaff a matsayin sunaye masu ƙira iri ɗaya.

Hujjar Khulusi ta farko ita ce sauti, kuma dole a yi mata adalci. Wasu masu sukarsa sukan ce ba yadda za a yi Zubair ya koma spear. Ban yarda da su ba. Nauyin furuci a Zubair yana kan gaɓa ta biyu, don haka wasalin farko na iya faɗuwa a bakin baƙo. Idan ya faɗi, z da b suka haɗu bayan k, harshen Ingilishi zai iya mayar da su sp, domin ba ya bambanta p da b bayan s. Ashe ta fuskar sauti zalla hanyar ba a toshe take ba. Matsalar ita ce hanya mai yiwuwa daban, hanyar da aka bi daban. Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura da shi: kamannin ya fi fitowa fili ne a bakin Balarabe, domin Larabci ba shi da p, sai ya furta sunan da b, ya ce Shaksbir. Wato babban ɓangaren kamannin da ake kafa hujja da shi, Larabci ne ya samar da shi bayan ya ari sunan daga Ingilishi.

Abin da ke raba gardama a wannan fage shi ne jerin rubuce-rubucen sunan masu kwanan wata, da wuraren da aka same su. Chambers (1930) ya tattara su tun tuni. A 1248 an rataye wani William Sakspere na Clopton a gundumar Gloucestershire saboda fashi, ƙauyen da ba shi da nisa da Stratford, mahaifar marubucin. Wannan ya riga haihuwar marubucin, wanda aka yi wa baftisma ranar 26 ga Afrilu 1564, da fiye da shekara 300. A ƙarni na 13 da na 14 sunan ya ɓulla a Kent da ke kudu maso gabas, da Cumberland da ke can arewa, da birnin Coventry. A 1389 akwai Adam Shakespere mai riƙe da ƙasa a yankin Baddesley Clinton na Warwickshire. Daga tsakiyar ƙarni na 15 kundin ƙungiyar ibada ta Knowle ya cika da masu sunan daga ƙauyukan dajin Arden, irin su Rowington da Wroxall da Balsall, har wata Isabella Shakespeare ta shugabanci gidan mata masu zaman ibada na Wroxall a farkon ƙarni na 16. Kakan marubucin, Richard, manomi ne a Snitterfield, yana noma ƙasar Robert Arden. Mahaifinsa John baduku ne mai ɗinka safar hannu, wanda ya kai ga shugabancin majalisar garin Stratford a 1568. A duk wannan jeri ba a sami gurbin da baƙo zai shigo ba.

Mai goyon bayan Khulusi zai iya ja da baya ya ce: to, ba marubucin ne Balarabe ba, wani kakansa ne na nesa, mai yiwuwa wanda ya biyo mayaƙan Kiristoci da suka dawo daga Sham a ƙarni na 12 ko na 13. Wannan ita ce sigar ra'ayin mafi ƙarfi, ita ce kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Da haka abin yake, da mun sa ran ganin tsofaffin rubuce-rubucen sun fi kusa da Larabci, sababbin kuma su riƙa nisa da shi sannu a hankali, kamar yadda kowace ararriyar kalma ke yi. Ba haka aka samu ba. Tun rubutun 1248 gaɓar ƙarshe spere ce, wadda ita ce kalmar mashi a Ingilishin wancan zamani. Sannan kalmar shaihu kanta ba ta shiga rubutun Ingilishi ba sai a ƙarni na 16. Bayan haka sai a tambaya: Shakeshaft da Shakelance fa, daga waɗanne shehunan suka fito? Ba zai yiwu a cire suna ɗaya daga cikin danginsa a nema masa asali dabam ba, alhali sauran suna bayyana kansu da Ingilishi tsantsa. Bazuwar sunan da wuri daga Kent har Cumberland ma tana nuna, ga alama, cewa ba mutum ɗaya ya fara ɗaukarsa ba. Laƙabi ne da ake iya liƙa wa mutane dabam-dabam a garuruwan da ba su san juna ba.

Sauran hujjojin Khulusi ba su shafi sunan kai tsaye ba, amma da su ake tallafa masa, don haka sai a taɓa su. Ya dogara da kamannin fuska a zanen da ake kira na Chandos, leɓɓa da gemu da duhun fata. Wannan zane shi ne na farko da gidan ajiye hotuna na ƙasa da ke Landan ya mallaka a 1856, amma har yau ba a tabbatar da cewa Shakespeare aka zana ba, kuma ko da shi ne, siffar gemu ba ta nuna nasaba. Ya kuma dogara da sanin da marubucin ya yi wa Musulmi da kamannin wasu wasanninsa da labaran Larabawa. Nan akwai abin nazari na gaske, kuma a nan ne gudummawar Khulusi take. Sai dai sanin yana da hanyoyinsa a fili. Labarin Othello daga littafin Cinthio ɗan Italiya na 1565 ya fito. A 1600 jakadan Sarkin Maroko, Abdulwahid bin Mas'ud, ya yi watanni a Landan. A wannan shekarar ce kuma John Pory ya buga fassarar Ingilishi ta littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, littafin da har Kano da Katsina ya bayyana. Mazaunin Landan mai karatu da buɗaɗɗen kunne ba ya bukatar jinin Larabawa kafin ya san waɗannan abubuwa.

Ba Larabawa kaɗai suka yi wannan yunƙuri ba. A Italiya an daɗe ana cewa mutumin Sisili ne mai suna Crollalanza, wanda ma'anarsa girgiza-mashi. Abin da wannan ya nuna kawai shi ne harsunan Turai da yawa suna da irin wannan laƙabi. Ra'ayin da ya fi waɗannan nauyi shi ne na J. Q. Adams (1923), wanda ya ce sunan ya fito ne daga sunan Normawa Saquespee, zare-takobi, daga baya bakin Ingilishi ya mayar da shi Shakespeare. Adams yana da abin riƙewa, domin sunan Normawan ya wanzu a Ingila, kuma rubutun 1248 da s ya fara. Amsar da aka saba bayarwa ita ce magatakardan da suka koyi rubutu da Faransanci sukan sa s a gurbin sh, kamar yadda sunan Shropshire ya koma Salop a alƙalaminsu. Amsa ce mai ƙarfi, kuma r ɗin ƙarshen sunan tana goyon bayanta, tunda Saquespee ba shi da ita. Duk da haka ba zan ce sunayen biyu ba su taɓa cakuɗa a wani gida ba. Iyakar abin da zan tsaya a kai shi ne, game da dangin Warwickshire, shaidar tana tare da girgiza-mashi.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata. Takardu sun tabbatar da ƙirar sunan da tsufansa a ƙasar, amma ba su faɗi dalilin da ya sa aka fara kiran wani da shi ba. Fassarar da ta fi shahara ita ce ta jarumtaka. Richard Verstegan ya faɗe ta a 1605, cewa irin waɗannan sunaye lada ne na bajinta a fagen fama. Tambarin gida da aka ba John Shakespeare a 1596 ma mashi ne a kan garkuwa da shaho riƙe da wani mashin, kuma takardar ta ce Sarki Henry na bakwai ya saka wa kakanninsa saboda hidimar yaƙi. Ba a sami rajistar wannan sakayya ba, kuma a 1602 wani jami'in ofishin tambura, Ralph Brooke, ya ƙalubalanci cancantar gidan. Akan kuma kawo Adam na 1389, wanda ya riƙe ƙasarsa bisa sharaɗin hidimar soja, amma a ƙarshen ƙarni na 14 wannan sharaɗi ya riga ya zama salon mallakar ƙasa da galibi ake fansa da kuɗi. A ɗaya ɓangaren akwai shaida mai nauyi: a 1487 wani Hugh Shakspere na Kwalejin Merton a Oxford ya sauya sunansa zuwa Sawnders, kundin kwalejin kuma ya rubuta cewa dalili shi ne ana ganin sunan a matsayin na ƙasƙanci. Malamin jami'a ba zai gudu daga sunan da ke nufin gwarzo ba. Ya fi kama da a ce laƙabin tsokana ne ga mai yawan neman faɗa ko mai cika baki, wasu masana ma suna zargin akwai batsa a ƙarƙashinsa, kamar yadda ake zargi game da Wagstaff. Na fi karkata ga tsokana, amma shaida ɗaya daga 1487 ba za ta yanke hukunci a kan abin da aka nufa a 1248 ba.

Bambancin rubutu kuwa, wanda wasu ke kafa hujja da shi cewa mutumin Stratford dabam marubucin dabam, bai kai a daɗe a kansa ba. Takardun aurensa na Nuwamba 1582 sun rubuta Shaxpere a rana ɗaya, Shagspere washegari. Sa hannunsa shida da suka saura ba su daidaita da juna ba. Sigar da muke amfani da ita yau ta masu ɗab'i ce, ita ce a kan Venus and Adonis a 1593 da kuma babban kundin wasanninsa na 1623.

Shahara ba ta ƙara wa sunan yawa ba. Har yau ba kasafai ake cin karo da shi ba, kuma babu mai ɗauke da shi da ya fito daga tsatson marubucin. Ɗansa namiji ɗaya, Hamnet, ya rasu a 1596 yana ɗan shekara 11. 'Yan'uwansa maza, Gilbert da Richard da Edmund, ba su bar magada ba. Jikarsa Elizabeth, ta ƙarshe a zuriyarsa, ta rasu a 1670 ba ta haihu ba, zuriyar ƙanwarsa Joan kuma sunan Hart ta ɗauka. Masu sunan na yau jikokin sauran gidajen ne, kuma ƙidayar jama'a ta 1881 ta nuna sun fi taruwa a Staffordshire da Worcestershire da Warwickshire, wato sun matsa kaɗan ne daga ƙauyukan Arden zuwa garuruwan ma'adinai da masana'antu na kewayen Dudley da Birmingham. Craig Shakespeare, wanda ya horar da ƙungiyar Leicester a 2017 lokacin da Ahmed Musa da Wilfred Ndidi ke buga mata, haifaffen Birmingham ne. Mulkin mallaka ya kai wasu rassan zuwa Indiya da Jamaika. Daga reshen Indiya ne Kyaftin William Shakespear ya fito, wakilin Birtaniya a Kuwait kuma aminin Abdul'aziz ɗan Sa'ud, wanda aka kashe a yaƙin Jarrab a Janairun 1915. Shi ne mai wannan suna da tarihi ya tabbatar ya zauna cikin Larabawa ya kuma ji harshensu, kusan shekara 300 bayan rasuwar marubucin a 1616.