Daga Sarkin Magina zuwa Lambar Waya: Tarihin Mai Gyara a Hunturun Kano

Tsakanin Disamba da Janairu, idan iskar hunturu ta sauko daga Sahara, sanyin asubahi a Kano kan kai ƙasa da digiri 15. A lokacin ne wayar masu gyaran wuta na Gyadi-Gyadi da Tarauni ba ta hutawa. Hitar banɗaki ta mutu, yara za su makaranta, mai gyara ya karɓi kuɗin kaya tun shekaranjiya, amsarsa kuma ba ta sauya ba: "Ina hanya, Alhaji." Ana yawan ɗora wannan a kan lalacewar hali. A ganina, tushensa na cikin tarihin gidajenmu.

Gidan cikin ganuwa shi ke ɗumama kansa. Katangar tubali mai kauri da rufin azara suna shan zafin rana, su riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Abin da ya rage, kaskon garwashi da ruwan da aka dafa a murhu sun wadatar, maijego kuma tana da gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Babu na'urar da za ta lalace. Wanda ake nema shi ne magini, kuma aikinsa na da lokaci sananne: yaɓe da gyaran indararo kafin damina.

Magini kuwa ba shi kaɗai yake tsaye ba. Sana'ar gado ce, unguwa ta san ubansa da wanda ya koya masa, kuma akwai Sarkin Magina, kamar yadda maƙera ke da Sarkin Maƙera. Darajar sana'ar ta kai inda har yau ake ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Tsarin yana da nasa aibin, domin wanda bai gada ba da wuya ya samu shiga. Amma idan soro ya tsage, mai gida ya san zauren da zai je ya kai ƙara, kuma kunyar ta shafi zuriya guda.

Unguwanni irin su Babban Giji da rukunin gidajen Kundila sun tashi ne a wajen ganuwa, da bulon siminti da rufin kwano. Irin wannan gini da wuri yake ɗaukar zafi, da wuri yake sakinsa, don haka ɗumin ya koma hannun lantarki. Hukumar lantarkin ta yi ta sauya suna: NEPA a 1972, PHCN a 2005, KEDCO a 2013. Duk cikinsu babu wadda alhakinta ya wuce mita. Daga nan zuwa banɗaki, sai mai gida da wanda ya kira.

Wanda ya kira ɗin galibi a bakin titi ya koyi aiki, ya bar ubangidansa tun bai gama ƙwarewa ba, kuma makonnin sanyi su ne kakarsa. Shi ya sa yake karɓar aikin gida biyar a yini ɗaya. Jinkirin ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne gyaran gaggawa: a cire na'urar da ke katse wuta idan ruwa ya yi zafi, a haɗa waya kai tsaye, ko a bar hita babu wayar da ke kai wuta ƙasa, a ɗakin da mutum ke tsayawa a jiƙe ba takalmi. Iyalin da suka gaji da jira kuma sukan koma ga kasko a ɗaki rufe, alhali iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Doka ba ta yi shiru ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na ba da takardar gwajin sana'a, kuma tun 2015 hukumar NEMSA ke da ikon tantance masu haɗa wayar lantarki. Sai dai magidanta kaɗan ne ke tambayar takarda. Waɗanda suka dace da mai gyara na ƙwarai a Tarauni, yawanci tsohuwar hanya suka bi: sun tambayi wanda ya koya masa, sun san shagon da yake zama, sun je Sabon Gari sun sayi kayan da kansu, sun riƙe cikon kuɗi har ruwa ya yi zafi a gabansu. Wasu ma tun a Oktoba suke kiransa, lokacin da yake ɗaga waya a bugun farko.